FASHIN BAƘI: Abin da gargaɗin kwamfuta ke nufi bayan an canza mata faifan ajiya

Tsadar sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ta sa ɗalibai da 'yan jarida da ma'aikatan ƙungiyoyin sa-kai da dama sun koma ga dabara guda: a cire tsohon faifan ajiya mai juyawa, wato HDD, a maye gurbinsa da SSD. A kasuwannin kayan kwamfuta kamar Titin Beirut a Kano, da Banex a Abuja, da Computer Village a Ikeja, wannan aiki ne na kullum, kuma yakan ɗauki ƙasa da awa guda. Ribarsa a fili take. Tsohon faifai na laftof yakan karanta kusan megabait 100 a daƙiƙa, SSD mai mahaɗin SATA ya kai kusan 550, shi kuwa nau'in NVMe yana iya wuce 3,000.

Matsalar takan soma ne bayan an rufe murfin an kunna. Kwamfutar sai ta fara magana da Turancin injiniyoyi: baƙin allo mai ɗan rubutu, ko shuɗin allo mai neman lambobi, ko alamar rawaya a gefen sunan wata na'ura. Wasu daga cikin waɗannan saƙonni ba su da wata illa, wasu kuma sanarwa ce cewa bayanan mutum na dab da salwanta. Wanda bai iya rarrabe su ba yakan faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu: ko ya biya kuɗin gyaran abin da bai lalace ba, ko ya yi biris da gargaɗin da ya kamata ya tashe shi tsaye.

Idan kwamfutar ta ƙi tashi gaba ɗaya

Saƙon da ya fi tayar da hankali shi ne wanda ke fitowa tun kafin Windows ya buɗe. A kwamfutocin HP yakan zo da rubutun "Boot Device Not Found" tare da lambar 3F0, wasu kamfanonin kuma "No bootable device". Ma'anarsa ita ce BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke zaune a jikin allon kwamfutar, ta nemi wurin da za ta ɗauko Windows ba ta samu ba. Wannan bai tabbatar da cewa sabon faifan ya lalace ba.

Tambayar farko ita ce ko BIOS tana ganin faifan. Idan sunansa bai fito a jerin na'urorinta ba, to ko bai zauna daidai a raminsa ba, ko kuma nau'insa bai dace da kwamfutar ba. A nan ake yawan yin asara. Faifan M.2, ɗan siririn nan mai faɗin milimita 22 da tsawon milimita 80, ya kasu gida biyu: mai amfani da SATA da mai amfani da NVMe. Kamanninsu kusan ɗaya ne, har wani yakan shige ramin da ba nasa ba ya zauna daram, amma kwamfutar ba za ta gan shi ba.

Idan kuwa BIOS na ganin faifan, to abin da ya rage shi ne tsari. Sabon SSD fanko yake zuwa, babu Windows a cikinsa sai an ɗora. In kuma an kwafo tsohon faifan gaba ɗaya zuwa sabon, akwai yiwuwar tsarin rabon faifan ya saɓa wa yadda BIOS ke tashi. Tsohon tsari, MBR, yana tafiya da saitin da ake kira Legacy, sabon tsari kuma, GPT, yana tafiya da UEFI. Windows 11 yana buƙatar UEFI. Microsoft ta sanya wata manhaja mai suna MBR2GPT a cikin Windows 10 tun 2017 don juya tsohon tsarin zuwa sabo ba tare da goge bayanai ba.

Akwai kuma shuɗin allo mai rubutun "INACCESSIBLE BOOT DEVICE". A nan Windows ya fara tashi, sai hanyar isa ga faifan ta toshe masa. Galibi dalilin saiti ne guda a BIOS: zaɓi tsakanin AHCI da RAID. Yawancin laftof ɗin Dell suna zuwa a kan RAID, kuma idan mai gyara ya sauya saitin bayan an riga an ɗora Windows, wannan allon ne sakamakon. Mayar da saitin yadda yake a da yakan wadatar. Haka nan a kwamfutocin da ke ɗauke da Intel ƙarni na 11 zuwa sama, mai ɗora Windows yakan tarar da jerin faifai babu komai a cikinsa, alhali faifan lafiyarsa ƙalau. Direban Intel RST ne kawai ba a ba shi ba.

Allon da ke neman lambobi 48

Wannan ya fi sauran muhimmanci ga duk wanda ke ajiye bayanan da ba ya so su faɗa hannun wani. BitLocker tsari ne na Windows da ke kulle duk abin da ke cikin faifai, ya ajiye mabuɗin a cikin wata 'yar na'urar tsaro da ake kira TPM. A kowane tashi, TPM tana duba ko kwamfutar tana nan yadda ta san ta. Idan an taɓa saitin BIOS, ko an kashe Secure Boot, ko an ɗauki faifan an kai shi wata kwamfutar, sai ta riƙe mabuɗin, allon ya nemi lambobin ceto guda 48.

Tsarin yana yin aikinsa ne daidai, domin a idonsa babu bambanci tsakanin mai gyara da ɓarawo. Abin da ke jefa mutane cikin wahala shi ne da yawa ba su ma san an kulle faifansu ba. Laftof da dama suna kunna kullen da kansu da zarar mutum ya shiga da asusun Microsoft, kuma daga sigar 24H2 ta Windows 11 an faɗaɗa yawan kwamfutocin da hakan ke shafa. A irin wannan yanayi lambobin na nan a cikin asusun Microsoft na mai kwamfutar, ana iya duba su daga waya. Idan kwamfutar ta ofis ce ko ta makaranta, suna hannun sashen fasahar wurin. Idan babu su ko'ina, bayanan sun tafi ke nan, domin ko Microsoft ba ta iya ƙirƙiro mabuɗin da ya ɓace.

Manyan kamfanoni ma sun ɗanɗana wannan. A ranar 19 ga Yuli, 2024, wani kuskure a manhajar tsaro ta CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5 a duniya, kuma wuraren da suka fi daɗewa kafin su farfaɗo sun haɗa da waɗanda ba su da lambobin BitLocker a kusa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a kwance ko kusa ɗaya, a nemo lambobin a rubuta su a takarda, sannan a dakatar da BitLocker na ɗan lokaci ta zaɓin "Suspend protection". Mai gyara zai iya ba da shawarar a kashe kullen baki ɗaya don a huta da wannan allon. Ga ɗan jarida ko mai fafutuka, wannan shawara ce mai tsada. A watan Janairun 2019 sojoji sun kai samame ofisoshin jaridar Daily Trust a Abuja da Maiduguri suka kwashe kwamfutoci, kuma daga baya Kwamitin Kare 'Yan Jarida na CPJ ya ba da rahoton cewa an bincike na'urorin don gano majiyoyin labari. Faifan da ba a kulle ba, duk wanda ya riƙe shi a hannu zai iya karanta shi.

Alamar rawaya da saƙonnin da ke tsorata mutane a banza

Bayan Windows ya tashi, mai son tabbatarwa yakan buɗe "Device Manager", inda ake jera duk na'urorin da ke cikin kwamfutar. Kowace na'ura tana da akwatin da ke bayyana halin da take ciki. Idan an rubuta "This device is working properly", to Windows ya gane ta kuma direbanta na aiki. Iyakar abin da saƙon ke nufi ke nan. Bai ce komai ba game da lafiyar faifan, kuma faifan da ke dab da mutuwa ma yana iya nuna wannan rubutu.

Alamar rawaya mai kusurwa uku tana zuwa da lamba. Lamba 28 na nufin ba a ɗora direba ba, abin da aka saba gani bayan sabon ɗorin Windows, musamman a kan na'urorin da aka rubuta wa "Unknown device". Sabunta Windows ko sauko da direbobi daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar yakan share su. Lamba 10 na nufin na'urar ta kasa fara aiki, lamba 43 kuma Windows ne ya tsayar da ita saboda ta kai ƙarar matsala. Idan ɗaya daga cikin waɗannan biyun ta bayyana a kan faifan ko a kan abin da ke sarrafa shi, a ɗauke ta da muhimmanci. Lamba 45 kuwa na nufin na'urar ba ta haɗe da kwamfutar a yanzu. Sau da yawa wannan sunan tsohon faifan ne da Windows ke riƙe da shi a cikin kundinsa.

A ɓangaren "Events" ne ake samun rubuce-rubuce biyu da suka fi ruɗa mutane: "Device not migrated" da "Device requires further installation". Wannan ɓangare kundin tarihi ne, yana jera abin da ya faru tare da rana da lokaci. Na farko yana cewa Windows bai iya ɗauko tsohon saitin na'urar zuwa sabon yanayi ba, na biyu kuma yana nuna wani mataki a tsakiyar ɗora direba. Abin dubawa shi ne abin da ya biyo bayansu. Idan an ga "Device configured" ko "Device started", kuma akwatin halin na'urar na cewa tana aiki daidai, to maganar ta wuce.

Saƙon da ke iya cinye bayanai da dannawa ɗaya

A "Disk Management", sabon faifai yakan fito da rubutun "Not Initialized" ko "Unallocated". Ga faifan da aka fito da shi daga kwali, hakan daidai ne, sai a shirya shi a kan GPT a ba shi harafi. Amma idan tsohon faifan ne aka haɗa ta USB don kwashe bayanai, sai ya nuna "Not Initialized" ko "RAW", ko Windows ya ce sai an yi masa fomat kafin a yi amfani da shi, to a dakata. Amsa wannan tayin na nufin rubutu a kan faifan da ake ƙoƙarin ceton abin da ke cikinsa. A cire shi, a gwada wata wayar ko wani akwatin USB, in ya ci tura a kai wa mai ceto bayanai ba tare da an taɓa shi ba.

Wani abin da ke haddasa rigima tsakanin mai saye da mai shago shi ne girma. Faifan gigabait 256 yana nuna kusan 238, na 512 yana nuna 476, na terabait ɗaya kuma 931. Babu cuta a nan. Masu ƙera faifai suna ƙirga gigabait ɗaya a matsayin bait biliyan ɗaya cif, Windows kuma yana lissafi da 1,024 a kowane mataki.

Abin da faifan ke faɗa game da kansa

Tun tsakiyar shekarun 1990 faifai suke ɗauke da tsarin SMART, wanda ke ƙirga awannin aiki, da zafi, da kurakuran karatu, da yawan abin da aka rubuta. Manhajoji na kyauta irin su CrystalDiskInfo suna karanta waɗannan alƙaluma su taƙaita su da launi: shuɗi lafiya, rawaya a yi hattara, ja kuma an shiga haɗari. Windows 11 ma yana nuna sauran rayuwar faifan NVMe da zafinsa a ƙarƙashin "Disks & volumes". Idan HP ta nuna "SMART Hard Disk Error" mai lamba 301 a lokacin tashi, faifan ne da kansa ke shelar cewa ƙarshensa ya kusa. Aikin farko a nan shi ne kwashe bayanai, bincike ya biyo baya.

A kan SSD, kashi 97 ko 92 cikin ɗari ba abin damuwa ba ne. Ƙwayoyin ajiyarsa suna da iyakar yawan rubutun da za su ɗauka, kuma kamfanoni suna bayyana iyakar. Samsung 870 EVO mai gigabait 500, alal misali, an yi masa garantin terabait 300 na rubutu. Mai rubuta gigabait 20 a kullum sai ya shekara sama da 40 kafin ya kai wannan adadi. Abin lura shi ne saurin saukar. A farkon 2023 masu amfani da Samsung 990 Pro sun ga lafiyar sababbin faifansu na zubewa cikin 'yan makonni, har kamfanin ya fitar da gyaran manhajar cikin faifan a watan Fabrairun shekarar. Saboda haka yana da kyau a ɗora manhajar kamfanin da ya ƙera faifan, a duba ko akwai sabuntawa.

Shuɗin launi ma ba takardar tabbaci ba ce. A 2007 injiniyoyin Google sun wallafa bincike a kan faifai masu juyawa sama da 100,000. Sun gano cewa faifan da ya nuna kuskuren farko a binciken samansa ya ninka lafiyayye sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwanaki 60. Sun kuma gano cewa kusan kashi 36 cikin ɗari na faifan da suka mutu ba su ba da wata alama ta SMART ba kafin mutuwarsu. Darasin yana da fuska biyu: gargaɗi idan ya zo a gaskata shi, rashin zuwansa kuma kada ya hana ajiye kwafin bayanai a wani wuri dabam.

Sabo ne ko gwanjo, na gaske ne ko jabu

Waɗannan alƙaluma su ne makamin mai saye tun yana cikin shago. Shekara ɗaya awa 8,760 ce. Faifan da aka ce sabo ne amma yana nuna awannin aiki 9,000 ya riga ya yi fiye da shekara a kunne. Sabo na gaske awanninsa ba su wuce 'yan kaɗan ba, kuma abin da aka rubuta a kansa bai taka kara ya karya ba. Sayen gwanjo ba laifi ba ne matuƙar an faɗa wa mutum, kuma farashin ya nuna haka.

Ana iya goge waɗannan alƙaluma. A farkon 2025 kafar labaran fasaha ta Heise a Jamus ta bankaɗo yadda ake sayar da tsofaffin faifan Seagate a matsayin sababbi bayan an mayar da ƙididdigar SMART ɗinsu sifili, sai wani kundi na biyu da ke cikin faifan ya tona dubban awannin da suka yi suna aiki. Akwai kuma jabun da ke ƙarya game da girmansa: ya nuna terabait ɗaya alhali abin da ke ciki bai kai haka ba, sai ya riƙa rubuta sabon abu a kan tsoho ba tare da wani gargaɗi ba. Manhajar H2testw tana cika faifan da bayanai ta sake karanta su, kuma ta haka ƙaryar ke fitowa. Araha ba ta ado. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar faifan. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta ba mai saye damar mayar da kayan da suka zo da aibi ko suka saɓa wa yadda aka siffanta su.

Zafi, wutar lantarki da lasisi

Yawancin SSD an ƙera su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 70. Idan NVMe ya kusanci iyakar, yakan rage gudu da kansa don kare lafiyarsa. A Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin bazara ke haura digiri 40, laftof ɗin da ƙurar hunturu ta toshe wa fanka kuma aka ɗora shi a kan katifa zai riƙa nuna gargaɗin zafi ko da faifan sabo ne. Share fanka da ɗora kwamfutar a kan tebur sukan magance shi.

Akwai kuma layin "Unsafe Shutdowns", mai ƙirga sau nawa wuta ta yanke ba tare da an rufe kwamfutar yadda ya kamata ba. Laftof mai mataccen batir yana mutuwa ne a duk lokacin da aka ɗauke wuta, kuma kowace yankewa a tsakiyar rubutu na iya ɓata fayil. Wanda ya sa sabon SSD ya bar mataccen batir ya yi rabin aiki.

Rubutun "Activate Windows" a kusurwar allo shi ma yakan bayyana. Lasisin Windows yana ɗaure ne da allon kwamfutar, kuma tun zamanin Windows 8 manyan kamfanoni suke dasa mabuɗinsa a cikin BIOS, don haka canza faifai kawai ba ya kashe shi. Galibi an ɗora wa kwamfutar siga dabam ce, kamar Pro a madadin Home. Manhajojin fasa lasisi da ake yawo da su a filashi hanya ce sananniya ta shigar manhajar leƙen asiri. A kuma tuna cewa Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 na gama-gari a ranar 14 ga Oktoba, 2025.

Tsohon faifan da aka bari a shago

Haɗarin da ya fi girma babu allon da ke gargaɗi a kansa. Mai kwamfuta yakan tafi da sabon SSD cikin murna, ya bar tsohon faifan a kan teburin mai gyara, wani lokaci a matsayin ragin kuɗi. Goge fayil ko yin fomat na gaggawa ba ya share bayanai, yana cire sunayensu ne kawai daga jeri.

A 2003 wasu ɗaliban jami'ar MIT a Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun wallafa sakamakon sayen tsofaffin faifai 158. Guda 12 kacal aka tsaftace yadda ya kamata, kuma sun tsinci dubban lambobin katin banki a sauran. A 2009 ɗaliban aikin jarida na Jami'ar British Columbia ta Kanada sun sayi wani faifai a kasuwa a Ghana a kan dala 40, suka tarar da takardun kwangilolin tsaro na gwamnatin Amurka na kamfanin Northrop Grumman a cikinsa.

A faifan matashin Najeriya, abin da za a tarar shi ne hoton katin NIN, da lambar BVN, da kalmomin sirrin da aka adana a manhajar shiga intanet, da hotunan iyali. A na ɗan jarida kuma har da sunayen majiyoyi da muryoyin hirarraki. Ga ƙungiya ko kamfanin da ke riƙe da bayanan jama'a, maganar ta shafi doka, domin Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora musu alhakin kare bayanan da ke hannunsu, kuma hukumar NDPC na da ikon cin tara.

Don haka a karɓi tsohon faifan a hannu kafin a bar shago. A ajiye shi na 'yan makonni har sai an tabbatar komai ya ƙaura lafiya, domin a wannan lokacin shi ne kwafin ceto. Bayan nan, ko a sa shi a akwatin USB ya zama ma'ajiyar waje, ko a rubuce shi gaba ɗaya da manhajar shafe faifai kafin a sayar. Idan abin da ke cikinsa na iya jefa wani cikin haɗari, a kwance shi a farfasa farantan da ke ciki.